Tagwayen Benayen New York: Taƙaddamar Sake Gina Abin da Ta'addanci Ya Rusa

Da safiyar Talata, 11 ga Satumba, 2001, 'yan ƙungiyar Al-Ƙa'ida suka ƙwace jiragen saman fasinja guda biyu suka afka da su cikin tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke kudancin tsibirin Manhattan a birnin New York, kuma kafin ƙarfe goma da rabi na wannan safiya duka benayen biyu, masu hawa 110 kowanne, sun zube ƙasa, inda mutum 2,753 suka rasu, cikinsu har da 'yan kwana-kwana 343. Tun hayaƙi bai gama lafawa ba aka soma gardama a kan makomar filin, mai faɗin eka 16, gardamar da ta ɗauki shekaru ana kai ruwa rana a kanta: a mayar da benayen yadda suke, ko a gina wani abu dabam, ko kuwa a bar wurin babu gini saboda waɗanda suka mutu a cikinsa. Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi, sai dai hujjojin ba su zama daidai wajen ƙarfi ba idan aka auna su da tambayar da masu zafin kishin ƙasa suka fi saurin tsallakewa, wato su wane ne za su riƙa shiga sabon ginin kowace safiya, kuma aljihun wa zai ɗauki nauyinsa.

Masu son a mayar da benayen kamar yadda suke sun kafa hujja da cewa maharan ba su zaɓi wurin da ka ba. Benayen, waɗanda Minoru Yamasaki ya zana aka kuma ƙaddamar a 1973, ɗaya mai tsawon mita 417 ɗaya kuma 415, sun taɓa zama mafi tsawo a duniya, suka kuma zama tambarin ƙarfin tattalin arzikin Amurka, shi ya sa tun a watan Fabrairun 1993 aka tayar da bam a wurin ajiye motoci na ƙarƙashinsu, mutum shida suka mutu. A ganin waɗannan mutane, duk abin da aka gina wanda bai kai na da ba, ko bai yi kama da shi ba, tamkar amincewa ne cewa 'yan ta'adda suna da ikon sauya fuskar birni yadda suka ga dama. Sun kuma samu misali a kusa, domin ɓangaren ginin Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaron Amurka, wanda wani jirgi na uku da maharan suka ƙwace ya daka a ranar, an sake gina shi da kamanninsa na asali, har ma'aikata suka koma ofisoshin da aka daka kafin cikar shekara guda. A 2005 attajirin gine-gine Donald Trump, wanda bai shiga siyasar neman mulki gadan-gadan ba a lokacin, ya fito ya mara wa wani tsari baya na sake gina tagwayen da ƙarin ƙarfi da ɗan ƙarin tsawo.

Akwai gine-ginen da wannan hujja ta dace da su ƙwarai. Hubbaren waliyyan Timbuktu da masu tsattsauran ra'ayi suka farfasa a 2012, maginan gargajiya na garin ne suka sake ɗaga su da ƙasa da dutse bisa fasahar da suka gada, aka kammala a 2015 da tallafin hukumar UNESCO, haka nan hasumiyar masallacin Al-Nuri ta Mosul da 'yan Da'ish suka tarwatsa a 2017 an mayar da ita har da karkatar da aka san ta da ita. Darajar irin waɗannan gine-gine tana cikin siffarsu da tarihinsu da al'ummar da ke kula da su, kuma babu wanda ake buƙatar ya kwana ko ya wuni a ƙololuwarsu. Dogon benen ofisoshi kuwa kadarar kasuwanci ce da aka gina domin haya, wadda ba ta rayuwa sai kamfanoni sun yarda su sa hannu a yarjejeniyar shekaru, sai kuma dubban ma'aikata, daga manyan dillalan hannun jari har masu shara da masu dafa abinci, sun yarda su hau ta kullum. Kamfanin hada-hadar kuɗi na Cantor Fitzgerald, wanda ofisoshinsa ke hawa na 101 zuwa na 105 a benen arewa, ya rasa ma'aikata 658 a safiya guda, don haka wanda ke kiran a nuna jarumta ta hanyar gini yana kira ne, ko ya sani ko bai sani ba, a nuna ta da rayukan wasu mutane da neman abinci zai kai can sama.

Yana da kyau a tuna cewa ƙaunar da aka nuna wa tagwayen bayan rushewarsu ta ninka wadda suka samu suna tsaye. Masu sharhi kan zanen gine-gine sun daɗe suna kushe su da cewa akwatuna ne marasa fasali, tagoginsu 'yan tsukakku ne da ba su kai rabin mita ba, dandalin da ke tsakaninsu iska ce kawai ke kaɗawa a cikinsa, kuma kafin a gina su sai da aka tashi wata unguwa ta ƙananan 'yan kasuwa masu sayar da rediyo da kayan lantarki, aka toshe titunan da suka ratsa wurin. A shekarunsu na farko masu haya sun yi ƙaranci har sai da ofisoshin gwamnatin jihar New York suka cike hawa masu yawa, kuma sai a ƙarshen shekarun 1990 ne suka cika suka zama abin riba sosai.

Hujja mafi tsauri a kan kwaikwayon ginin sak ta fito ne daga injiniyoyi. Cibiyar gwamnatin Amurka mai kula da ma'auni da fasaha, wadda ake kira NIST a taƙaice, ta fitar da rahotonta a 2005, inda ta bayyana cewa benayen sun jure dukan jiragen da farko, domin na kudu ya tsaya minti 56, na arewa kuma minti 102, amma dukan ya kankare feshin kariyar wuta da aka lulluɓe ƙarafan da shi, ya kuma yanke bututan ruwan kashe gobara. Man jirgin ya kunna kayan ofis a hawa da dama lokaci guda, zafin bai narkar da ƙarfe ba amma ya sa ya yi laushi, daɓen hawa-hawa ya lotsa ya jawo ginshiƙan waje ciki, har nauyin saman ginin ya fi ƙarfin abin da ya rage. Kowane bene yana da matakala uku ne kawai, dukansu a cunkushe a tsakiyar ginin, kuma katangun da suka kewaye su na allunan filasta ne marasa ƙwari. A benen arewa duka ukun sun yanke, babu ko mutum ɗaya da ke saman inda jirgin ya daka da ya tsira, a na kudu kuwa matakala ɗaya ta rage, kuma 'yan tsiraru ne suka same ta. Binciken ya ƙiyasta cewa mutum kimanin 17,400 ne ke cikin benayen a lokacin, saboda da sauran safiya, kuma da a cike suke da fitar da mutane ta ɗauki fiye da sa'o'i uku. Bayan an san wannan, babu hukumar da za ta iya amincewa da maimaita tsarin cikin ginin, wanda ke nufin duk abin da za a kira sake gina tagwayen zai tsaya ne a kamannin waje, ciki kuwa wani gini ne dabam.

Sai kuma batun mamatan, wanda ya fi kowane sarƙaƙiya. An kwashe ɓaraguzai kimanin tan miliyan 1.8 zuwa tsohon jujin birnin da ke tsibirin Staten, inda aka riƙa tankaɗe su ana neman sassan jikin mutane, aikin share filin ya ƙare a watan Mayun 2002, amma har bayan shekara ashirin kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda suka mutu, wato mutum sama da dubu ɗaya, ba a gano komai na jikinsu ba. Ga iyalan da ba su samu gawar da za su binne ba, wannan fili shi ne kabarin, kuma ɗora ofisoshin haya a kan daidai inda benayen suka tsaya abu ne da zuciyarsu ba za ta ɗauka ba. Magajin garin lokacin, Rudolph Giuliani, ya yi kira a jawabinsa na ban kwana a ƙarshen 2001 da a fifita wurin tunawa a kan neman kuɗi, sannan a 2002 gwamnan jihar, George Pataki, ya yi alkawarin ba za a yi gini a kan sawun benayen ba. Wannan alkawari shi ne a zahiri ya rufe ƙofar mayar da tagwayen a mazauninsu na asali. Keɓe wurin hari domin tunawa ba sabon abu ba ne, domin a birnin Oklahoma, inda bam ya kashe mutum 168 a ginin gwamnatin tarayya a 1995, an rushe ragowar ginin aka jera kujeru 168 a filin, haka kuma a Nairobi an mayar da harabar ofishin jakadancin Amurka da aka kai wa hari a 1998 lambun tunawa, aka kai sabon ofishin wata unguwa.

Barin filin gaba ɗaya babu gini ma bai yiwu ba, kuma dalilin kuɗi ne. Filin mallakar Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta New York da New Jersey ne, wadda makonni kaɗan kafin harin, a watan Yulin 2001, ta ba ɗan kasuwa Larry Silverstein hayar cibiyar ta shekara 99 a kan dala biliyan 3.2. Yarjejeniyar ta ba shi haƙƙi ta kuma ɗora masa nauyin mayar da sararin ofisoshin da ya salwanta, yana ci gaba da biyan haya a kan ramin da babu komai a cikinsa, yayin da yake shari'a da kamfanonin inshora a kan ko jirage biyun hari ɗaya ne ko biyu, shari'ar da ta ƙare da biyansa kimanin dala biliyan 4.5. Abin lura shi ne Silverstein, wanda zai nemo masu hayar da kansa, shawararsa ta farko ita ce benaye huɗu masu hawa 50, domin ya san inda tsoron abokan cinikinsa yake.

Abin da ya fito daga wannan ja-in-ja sulhu ne da babu ɓangaren da ya samu duk abin da yake so. Tsare-tsare shida na farko da aka gabatar a watan Yulin 2002, dubban mazauna birnin da suka taru a zauren Javits sun yi fatali da su saboda rashin armashi, sai aka shirya gasa wadda Daniel Libeskind ya lashe a 2003 da tsarin da ya bar sawun benayen a buɗe, ya kuma tanadi hasumiya mai tsawon ƙafa 1,776, adadin da ke nuni da shekarar da Amurka ta ayyana 'yancin kanta. Silverstein ya kawo nasa mai zanen, David Childs, aka yi ta sauye-sauye, sannan a 2005 'yan sandan birnin suka ce ginin ya yi kusa da babban titi ta yadda mota maƙare da bam za ta iya isa gare shi, aka ja da shi baya aka ɗora shi a kan gindin kankare mai tsawon kusan mita 57. Benen da aka buɗe a watan Nuwamban 2014, mai tsawon mita 541 har da tsinin samansa, rufinsa ya tsaya ne a mita 417, daidai da tsohon benen arewa, tsakiyarsa kuma kankare ne mai kauri da ya kewaye matakalai masu faɗi, har da wadda aka keɓe wa 'yan kwana-kwana. A sawun tagwayen kuwa an haƙa tafkuna biyu da ruwa ke kwarara cikinsu, bisa zanen Michael Arad da aka zaɓa daga cikin zane 5,201, an rubuta sunayen mamatan a gefensu, aka buɗe wurin a 2011. Sunan Hasumiyar 'Yanci da gwamna Pataki ya raɗa wa benen, a 2009 hukumar tashoshin ta ajiye shi ta koma kiransa da lambar adireshinsa, saboda ta fahimci suna mai tsokana ba ya jawo mai haya.

Idan aka dubi sakamakon da idon basira, ƙin kwaikwayon tagwayen daidai ne, haka ma ƙin barin unguwar ta zama maƙabarta, domin an maido da titunan da aka toshe a da, kuma kudancin Manhattan ya cika da mazauna fiye da kafin harin. Hasashen da wasu masana suka yi a 2001 cewa zamanin dogayen benaye ya ƙare shi ma bai tabbata ba, tunda Burj Khalifa na Dubai mai mita 828 ya buɗe a 2010, New York kanta kuma ta ƙara dogayen benaye da dama. Inda aka yi tuntuɓe shi ne nacewa a kan tsawon da siyasa ta zaɓa alhali kasuwa ba ta nema ba. A 2006 Silverstein ya sakar wa hukumar tashoshin babban benen, wanda ya ci kusan dala biliyan 3.9 ya zama cikin benaye mafiya tsada a duniya, tashar jirgin ƙasa da Santiago Calatrava ya zana a gefensa ita ma ta ci kusan biliyan 4, ninki biyu na ƙiyasin farko, sai da gwamnatin tarayya ta kama hayar wasu hawa domin tallafa wa benen, kuma a 2011 hukumar ta ƙara kuɗin ƙetare gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ruwa tsakanin New Jersey da New York, tana ambaton aikin cibiyar cikin dalilanta. Ɗaya daga cikin benayen da tsarin Libeskind ya tanada, wanda ake kira bene na biyu, har fiye da shekara ashirin bayan harin bai wuce matakin harsashi ba, domin Silverstein ya ƙi ɗaga shi sai ya samu babban kamfanin da zai sa hannu a kan haya tukuna.