Baƙin da ke kwana a saiwar wake

Dattawan manoma a Konduga sun san wata tsohuwar yarjejeniya da ba a taɓa rubuta ta a takarda ba. Idan an gama girbi, Bafulatani ko Bashuwa ya zo da shanunsa ya sauka a gona. Shanu su ci kara da ragowar harawa, su kwana, su bar kashi. Mai gona ya ba da masauki da abinci, makiyayi ya biya da taki. Wake ma irin wannan cinikin yake yi, sai dai nasa a ƙarƙashin ƙasa.

Tuge wake mai kamar sati shida ka duba saiwarsa, za ka ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle. Ba cuta ba ce. Masaukin wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira rizobiya. Waken yana ciyar da su da sukarin da ganyensa ya haɗa, su kuma suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin ɗari nata shi ne, su mayar da shi abincin shuka. Tsaga ƙulli ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, baƙin suna aiki. In fari ne ko kore, zaman banza suke yi.

To me zai faru idan aka zuba wa wake takin yuriya da yawa? Abin da ke faruwa da makiyayi ranar da mai gona ya samu buhunan taki a sauƙaƙe: ba a ƙara gayyatarsa. Wake da ya tarar da naitirojin a shirye ba ya ɓata sukarinsa a kan baƙi. Ƙulle-ƙullen su ragu, waɗanda suka fito su yi sanyi. Gona ta yi kore shar, mai wucewa ta hanyar Bama ya yaba, amma sau da yawa ganye ne ya yi yawa, fure ya makara. An sayi abin da ake samu kyauta, kuma da tsada. Inda yuriya ke da hujja shi ne ƙasar da ta gaji sosai, a ba da ɗan kaɗan lokacin shuka, domin kafin ƙulle-ƙullen su kama aiki akwai 'yan makonni da tsiron ke jin yunwa.

Ɗaya dabarar ita ce shafa wa iri waɗannan ƙwayoyi kafin a shuka. Gari ne baƙi a ƙaramar leda. A jiƙa irin da ruwan ƙaro, wanda Borno ba ta rasa shi, a barbaɗa garin, a gauraya, a shanya a inuwa, a shuka ranar. Abu ne mai rai, saboda haka ledar da ta wuni a rana a kan teburin kasuwa ta zama gawa, kuma mai saye ba zai gane ba. Cibiyar IITA da ke Ibadan tana yin irin wannan garin na waken suya da sunan NoduMax, shirin N2Africa da ya fara a 2009 kuma ya kai shi gonaki a kudancin Borno, wajen Biyu da Hawul. A Brazil dabarar ta zama ruwan dare a noman waken suya, har ta sa Mariangela Hungria, masaniyar da ta yi bincike a kanta, ta karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 2025.

Amma a lura, waken suya ake ta ambata. Shi baƙo ne a ƙasarmu, yana da tsirfa wajen zaɓen ƙwayar da zai sauka da ita, don haka in ka kawo masa tasa yakan nuna bambanci a buhu. Wakenmu na gida, fari ko ja, ba ya da wannan tsirfa. Ya daɗe a nan, ƙwayoyin da ke cikin ƙasa tun asali sun san ƙofarsa, kuma sukan riga na leda shiga. Shi ya sa gwaje-gwajen da aka yi a kansa ba su zo da amsa ɗaya ba: wata gonar ta ƙaru, wata ko gezau. Wanda ya ce maka garin zai ninka maka wake a ko'ina, kayansa yake son sayarwa.

A ganina, manomin Konduga mai jigawa da kuɗin buhu ɗaya kacal ya fara da takin sufa. Irin wannan ƙasa takan yi ƙarancin fosfaras, wanda sufa ke bayarwa, kuma babu shi saiwa ba ta bazuwa, ƙulle-ƙullen ba sa ƙwari, ko na gida ko na leda. Yuriyar a kai wa gero da dawa da masara, su da ba su da kowa a saiwarsu. Wanda kuma yake son sanin ko garin zai yi masa amfani, ya ware kunya goma ya shafa, goma ya bari, iri ɗaya rana ɗaya, sannan ya auna kowanne da mudu ɗaya bayan an sussuka.