Daga Ofis Zuwa Bakin Ruwa: Waɗanda Suka Koma Noma a Ƙasar Bakolori

A kowace ƙungiyar manoma akwai su. Wani ya yi malamin makaranta, wani soja, wani akawu a Sakkwato, wani kuwa ma'aikacin masaƙa a Gusau ko Kaduna. Sun bar aiki da sauran ƙarfinsu, furfura ba ta gama fitowa ba, yara kuma suna makaranta. Tambayar da sukan yi mana ita ce, "To, yanzu me zan yi?" A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun amsar tana kusa, gama ga ruwa ga ƙasa. Amma akwai abin lura kafin mutum ya zuba kuɗin sallamarsa a gona.

Ba yau aka fara ba

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawansu ba su kai shekarun hutu ba. A 1984 aka sāke rage ma'aikata, aka kuma yi ta kiran jama'a su koma gona. Janar Obasanjo, wanda ya kawo shirin ciyar da ƙasa a 1976, shi kansa da ya miƙa mulki a 1979 sai ya koma noma da kiwon kaji a Ota, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Daga baya masaƙun Arewa suka yi ta rufewa, dubban magidanta suka koma garuruwansu. Saboda haka wanda ya bar aiki da wuri kada ya ga kamar shi kaɗai abin ya sama.

Abin da madatsar ruwa ta koya mana

An gama gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978. An shirya ta shayar da kadada wajen 23,000, domin a yi noma rani da damina. Mutanen Tsibiri da Maradun da ƙauyukan kewaye sun san abin da aikin ya ci. Ruwa ya cinye gonaki da gidajen dubban mutane. Manoma suka tashi neman diyya, suka tare hanyoyin aiki, har a watan Afrilu na 1980 aka aiko da 'yan sanda, aka yi asarar rayuka da yawa.

Mun tuna da wannan domin mai dawowa gida da kuɗi a hannu ya sani cewa kowace gona a nan tana da mai ita, tana kuma da tarihi. Kada ya ga ɗan'uwansa cikin matsi ya karɓe masa gona da araha. In aro ne ko haya ko jingina, a yi a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta, a faɗi shekara nawa. Wanda ya shigo da ladabi, maƙwabta za su nuna masa inda ruwa yake kwanciya da inda ƙasa take da gishiri. Wanda ya shigo da fankama zai gane da kansa, bayan ya yi hasara.

Darasi na biyu na inji ne. Babban sashe na filin Bakolori an shirya shi da bututun fesa ruwa masu aiki da lantarki. Da injuna suka lalace, kayan gyara kuma sai daga waje, sashen nan ya tsaya shekara da shekaru. Inda ruwa yake gangarowa da kansa ta magudana, nan ne noma ya dore. Sai bayan 2014 aka kama babban gyara da rancen Bankin Duniya. In haka ya sami gwamnati, ina ga mai 'yar fansho? Kada ka sayi injin da makanikin Talata Mafara ba zai iya kwancewa ya ɗaura ba.

Yadda za a fara

Muna ba da shawara a raba kuɗin sallama kashi uku. Kashi ɗaya na abincin gida da kuɗin makaranta na shekara guda, ba a taɓa shi. Kashi ɗaya na gona. Na uku a ajiye, gama shekarar fari ta koyo ce, fansho kuma yakan yi jinkiri.

A fara da eka ɗaya, ko rabi. Mai son alkama ya shuka daga tsakiyar Nuwamba, domin ta sami sanyin hunturu. In ya makara, zafi zai same ta tana fid da kai, tsaba ta ƙanƙance. Mai shinkafa ya yi dashe sa'ad da irin ya yi kamar mako uku a wurin reno, ya raba takin zamani sau biyu ko uku, ya kuma shirya masu korar jan-baki tun kafin ta nuna. Tumatir yana da kuɗi, amma ba ya jira. Ranar da kowa ya tsinka, kwando yakan faɗi ƙasa warwas. Albasa ta fi haƙuri, in akwai rumfa mai shan iska da za a ajiye ta har farashi ya tashi.

A kuma dubi jiki. Wanda ya yi shekara ashirin a kan kujera ba zai yi gasar huɗa da saurayi ba. Ya sa kuɗin ƙwadago cikin lissafi tun farko. Tun da 'yan bindiga suka addabi Zamfara a shekarun nan, gonar da take nesa da gari ta zama abin tsoro. Gara ƙarama kusa da mutane, a tafi tare, a dawo tare kafin rana ta faɗi.

Abin da ya zo da shi

Kada mu ɗauka tsohon ma'aikaci koyo kawai ya zo yi. Ya iya rubutu da lissafi, ya san ƙofar ofis, ya san yadda ake cika takarda. Ƙungiyoyi da yawa sun watse ba don rashin ruwa ba, sai don ba wanda ya rubuta wa ya karɓi buhu nawa na taki, wa ya biya, wa bai biya ba. Tsohon akawu ya riƙe littafin ƙungiya. Tsohon malami ya buɗe ajin yaƙi da jahilci da yamma, maza da mata. Tsohon direba ya kula da injin ban ruwa da kai kaya kasuwa. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ta koya wa matasa rufe hanci da baki da wanke hannu in sun yi feshin magani. Wani ma ba sai ya riƙe fartanya ba: sussukar shinkafa, turken rago, da sayar da iri mai kyau duk sana'a ce.

Mu kuma 'yan ƙungiya, kada mu yi saurin naɗa shi shugaba don ya taɓa zama birni, kada kuma mu mai da shi wurin cin bashi. Mu ba shi wurin zama, mu ba shi aiki ɗaya da ya iya, mu bar shi ya ga rani ɗaya da damina ɗaya tukuna. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

A taronku na gaba, ku ƙidaya mutum nawa ne a garinku suka bar aiki suna zaune a gindin bishiya. Ku aika mutum biyu su gaishe su, su gayyace su kafin a fara rabon ruwan rani.