Rancen karatu ya iso Zariya, amma ina tallafi, ina aiki?

A makonnin da ake rajista, shagunan kwamfuta da ke tsakanin Tudun Wada da Kongo ba sa rabuwa da cunkoso. Wani ya zo ciro takardar Remita, wani ya zo buga takardar samun gurbi, wani kuma tsaye kawai yake yana jiran alat daga yayansa da ke Kaduna. Tun daga 2024 an samu ƙarin masu zuwa, wato masu cika fom ɗin NELFUND, asusun da gwamnatin tarayya ta kafa domin bai wa ɗalibai rancen karatu.

Tudun Wada unguwa ce da makarantu suka kewaye. Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ke koyar da shari'a da harkar mulki, maƙwabciyarta ce. Tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya, wadda aka ɗaga ta zama jami'a, tana gefen Gyallesu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga babbar harabar ABU a Samaru ba nisa. Amma zama kusa da makaranta bai taɓa biya wa kowa rajista ba. Tela da mai shayi da malamin firamare suna ganin ɗalibai na wucewa ta ƙofar gidansu kullum, tambayarsu kuwa ɗaya ce: idan nawa ya samu, da me zan kai shi?

Dattawan da suka yi karatu a zamanin gwamnatin Jihar Arewa, ko a farkon shekarun ABU wadda aka buɗe a 1962, za su gaya maka ɗalibi ake biya a lokacinsu. Gwamnati ce ke neman yara, ta ɗauki nauyinsu, ta ba su alawus. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Janar Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya, kuma a takarda haka abin yake har yau. Abin da ake biya kuɗin rajista ne da jarrabawa da asibiti da ɗakin kwana da sauransu, su ne kuma suka yi ta hauhawa. Zariya ta san zafin wannan magana tun da daɗewa. A watan Afrilun 1978, ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincin ɗalibi ya tayar da zanga-zangar neman tsige Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, aka harbe ɗalibai a Samaru.

Rancen ma ba sabon abu ba ne. Gwamnatin Gowon ta kafa hukumar bai wa ɗalibai rance a 1972. An karɓa, da yawa ba su biya ba, hukumar ta durƙushe. A 1993 aka yi dokar kafa bankin ilimi, shi ma bai kai ko'ina ba. Yana da kyau a riƙe wannan tarihi, domin abin da ya kashe na farko yana nan bai tafi ba.

Dokar da ake aiki da ita yanzu sau biyu aka yi ta. Shugaba Tinubu ya sa hannu a ta farko a watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, daidai lokacin da jami'o'i da dama suka fara ƙara kuɗi. Sai dai sharuɗɗanta sun yi tsauri. Dole kuɗin shigar gidansu ɗalibi ya gaza naira 500,000 a shekara, kuma ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. Ɗan mai facin taya a Tudun Jukun, ina zai samo lauya ya tsaya masa? Suka ta yi yawa, aka soke dokar aka sake ta, aka sa hannu a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema ranar 24 ga Mayu. An cire sharaɗin kuɗin shiga, an cire na masu tsayawa. Abin da ake nema yanzu shi ne lambar JAMB da ta NIN da ta BVN, da shaidar cewa kai ɗalibi ne a makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha. Makarantun kuɗi ba sa ciki.

Rancen kashi biyu ne, kuma nan ne iyaye da yawa ba su gane ba. Kashi na farko kuɗin makaranta ne, wanda ba ya shiga hannun ɗalibi, asusun makarantar ake tura wa kai tsaye. Na biyu kuɗin aljihu ne, naira 20,000 a wata, da ke shiga asusun ɗalibin. Ana iya neman na farko a bar na biyu. Babu ruwa a kan ko ɗaya. Za a fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi daga wurin aiki, mai sana'ar kansa kuma ya biya kashi 10 na ribarsa. Wanda bai samu aiki ba zai iya neman a ɗaga masa ƙafa da takardar rantsuwa, amma yin ƙarya a ciki laifi ne mai kai mutum gidan yari. Idan mai bashin ya rasu, doka ta ba da damar a yafe.

Rashin ruwan nan shi ya buɗe wa mutanenmu ƙofa. Da an ɗora ko da kashi ɗaya ne, da malamai sun yi magana a kan mumbari, da gidaje da yawa sun ja baya, kuma da gaskiyarsu. Shi ya sa ban yi mamaki ba da jami'o'in Arewa irin su ta Maiduguri da ta Bayero suka shiga sahun gaba a yawan masu nema. Rance marar riba halal ne, taimako ne. Amma addinin da ya halatta shi ya tsananta a kan biyansa, kuma nan nake jin tsoron wata magana da ta yaɗu a bakin matasa, wai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne, wa zai biya? Wanda ya cika fom da wannan niyya ya cuci kansa, ya kuma cuci ƙaninsa da zai zo nema bayan shekara goma ya tarar da asusu babu komai.

Bari mu yi lissafi, a matsayin misali kawai. A ce kuɗin makarantar ɗaliba naira 100,000 ne a shekara, ta kuma karɓi kuɗin aljihu na wata goma sha biyu, wato naira 240,000. A shekara huɗu bashinta ya kai naira 1,360,000. Idan ta samu aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, za a riƙa cire mata naira 7,000 a wata, ta kwashe shekara goma sha shida da ɗoriya tana biya. Da kuɗin makarantar kaɗai ta nema, da naira 400,000 ne, ta gama cikin shekara biyar. Ashe mafi yawan nauyin daga kuɗin aljihun yake. Yarinyar da gidansu ke Magume, take zuwa Kongo a ƙafa ta dawo ta ci tuwo a gida, ya kamata ta zauna da iyayenta su duba ko tana buƙatarsa. Wanda ya baro ƙauye yana biyan hayar ɗaki, lissafinsa daban ne, dubu ashirin ɗin ma ba ta kai shi ƙarshen wata.

Akwai wani ɓangaren kuma. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Bashin da ba shi da ruwa a irin wannan yanayi narkewa yake yi, domin nairar da za a biya nan da shekara goma ba za ta sayi abin da ta yau ke saya ba. Ga ɗalibi sauƙi ne. Ga asusun kuwa, ko da kowa ya biya daidai, abin da zai dawo ba zai ɗauki nauyin adadin ɗaliban da aka ba tun farko ba. Saboda haka ba zai taɓa tsayuwa da ƙafarsa ba, sai gwamnati ta ci gaba da zuba kuɗi. Dokar 2024 ta ware masa kashi ɗaya cikin ɗari na harajin da hukumar tara haraji ta tarayya ke karɓa, kuma a watan Agustan shekarar shugaban ƙasa ya ce a ƙara masa naira biliyan 50 daga kuɗin da EFCC ta ƙwato. Yadda za a bi sawun masu bashi a ƙasar da yawancin mutane ba su da albashin wata, ita ce tambayar da ta kayar da hukumar 1972.

Matsalar da ɗalibai suka fi kuka da ita ita ce lokaci. Makaranta ta sa ranar rufe rajista, kuɗin rance bai iso ba, uwa ta sayar da akuyarta ko ta ɗauki kwasar adashi ta biya. Bayan wata biyu kuɗin NELFUND ya shiga asusun makaranta, an biya sau biyu ke nan, sai a shiga zaryar neman a mayar. A 2025 ƙorafin ya yi yawa a faɗin ƙasa har hukumar ICPC ta ce tana bincike a kan yadda wasu makarantu ke tafiyar da kuɗin. Bashin kuwa da sunan ɗalibi aka rubuta shi, ko an mayar masa ko ba a mayar ba. Don haka duk wanda ya nema ya riƙa duba shafinsa da kansa, ya adana rasit, kada ya bar wa mai shagon kwamfuta lambar sirrinsa.

Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, sai uku. Ƙasashen da suka daɗe a wannan harka sun haɗa tallafin da ba a biya, da rance, da aiki a cikin makaranta. Amurka ta fara tsarin aiki da karatu a 1964, ta kawo tallafin da daga baya aka sa wa sunan Sanata Pell a 1972, domin 'ya'yan talakawa. Duk da haka bashin ɗalibai a can ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi. Mu kuwa rancen muka ɗauka muka ɗora masa komai.

Tallafi yana nan, amma siriri ne. Akwai hukumar sikolashif ta tarayya, akwai PTDF ga masu karatun da ya shafi man fetur, Jihar Kaduna ma tana da hukumarta ta tallafi da rance. Gurabensu kaɗan ne, kuma sau da yawa wanda ke da waya mai kyau da ɗan'uwa masani shi ke fara jin labari. A 2021 gwamnatin Buhari ta yi alƙawarin naira 75,000 a kowane zango ga masu digirin koyarwa, da 50,000 ga masu NCE. Ɗaliban Gyallesu su ne suka fi cancanta a tambaya ko sun gani a ƙasa. Abin da ya fi taɓa aljihun mutanen Zariya kai tsaye shi ne ragin da Gwamna Uba Sani ya yi a watan Agustan 2023, bayan ƙarin da gwamnatin El-Rufai ta yi a 2021: Nuhu Bamalli ta sauko daga naira 100,000 zuwa 50,000, Jami'ar Jihar Kaduna daga 150,000 zuwa 105,000. Wannan ragi tallafi ne da ba a cika masa fom ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta daɗe tana cewa tallafi ya kamata a bai wa talaka ba bashi ba, tana kuma gargaɗin cewa rancen zai zama hujjar ƙara kuɗin makaranta. Ina ganin tsoronta yana kan hanya. Makarantar da ta san akwai mai biya a Abuja ba za ta ji nauyin ƙari ba, ɗalibi ne zai ɗauki kayan bayan shekaru.

Kuma rancen ba ya isa ga wanda ya faɗi tun kafin ƙofa. Kuɗin WAEC ko NECO, da fom ɗin JAMB, da jarrabawar tantancewa, duk sai an biya su kafin a samu lambar ɗalibi da za a nemi rance da ita. Maraya ko 'yar bazawara a nan suke tsayawa. Wannan gurbi na tallafin jiha ne da ƙaramar hukuma da zakkar masu hali.

Aiki a cikin makaranta shi ne abin da muka fi sakaci da shi, alhali shi ya fi dacewa da mu. Ɗaliban Zariya suna aiki tuntuni: wani yana tuƙa Keke Napep da yamma, wani yana zaman POS, wata tana ɗinki ko sayar da turare, wani yana koyar da yara a makarantar kuɗi kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai aikin yana cin lokacin lacca, domin mai shago bai san da jarrabawa ba. Jami'ar Bayero da Jami'ar Legas sun gwada ɗaukar ɗalibai aiki a harabarsu ana biyansu. Makaranta mai girman ABU tana da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, da gonakin bincike, da ɗakunan kwamfuta, da tarin takardun da ke jiran a shigar da su na'ura. A ware awa takwas ko goma a mako, a tsara su daidai da jadawalin karatu, a fifita mabuƙata ta hanyar da kowa zai gani. Idan aka biya ɗalibi naira 20,000 a wata a kan irin wannan aiki, ya samu daidai abin da rance zai ba shi na aljihu, bai ci bashin ko kwabo ba, ya kuma fita da takardar shaidar ya taɓa aiki. Kuɗin da za a biya su zai iya fitowa daga wani ɗan kaso na abin da ake ware wa NELFUND, da gudummawar ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda da yawansu kyauta suka yi karatu a wannan gari.