Waya Ba Kishiyar Allo Ba Ce

Malamanmu da yawa a makarantun Fagge da Sabon Gari suna da ra'ayin cewa ilimi sai a gaban malami, waya kuwa aikinta shagaltar da yaro. Suna da hujja. Wanda ya ga ƙarairayin da suka cika WhatsApp bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ana ta cewa gobe sojojin ECOWAS za su shiga Yamai, ba zai zarge su ba.

Amma da girmamawa, a darasin ƙungiyoyin yanki wannan ra'ayi yana cutar da ɗalibi. Littafin da ke hannun yawancin yaranmu yana cewa ECOWAS, wadda aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, ƙasashe 15 ne. Tun 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata, saura 12, su ukun kuma suna da tasu ƙungiyar, AES. Kafin a sake buga littafi yaro ya gama makaranta. Sanarwar shugabannin ECOWAS da hukunce-hukuncen kotunta da ke Abuja duk suna intanet. Ɗalibi zai iya karanta labarin Hadijatou Mani, baiwar Allah 'yar Nijar da ta kai ƙasarta ƙara kan bauta, kotun ta ba ta gaskiya a 2008. Shari'ar nan kaɗai ta fi haddar sunayen sakatarori koya masa amfanin ƙungiyar.

To sai aikin malami ya fara. Ya tura takarda ko saƙon murya da daddare, da safe a zauna a tace: wa ya fitar da wannan, yaushe, me ya ce, me aka ƙara masa a hanya? Wannan tacewar waya ba ta iya ta.

Mu kuma Allah ya ba mu abin da wasu ba su da shi. Fagge tun asali zangon ayarin Buzaye ce, yau kuma Kantin Kwari na cikinta. A kai ɗalibai wurin mai atamfa su tambaye shi yadda ciniki ya kasance lokacin da aka rufe iyakar Jibiya da Maigatari saboda takunkumin da ECOWAS ta saka wa Nijar bayan juyin mulkin, masu saye daga Maraɗi da Damagaram suka ɗauke ƙafa, diloli suka yi ta zama a ɗaure har aka janye takunkumin a Fabrairun 2024. Su tambayi direba ko yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, mai ba ɗan yankin damar zaman kwana 90 ba biza, tana hana a tsayar da shi a shinge.

Na san kuɗin data da rashin wuta matsala ne, kuma ba kowane gida ke da babbar waya ba. Waya ɗaya ta malami ta isa a sauke takarda a buga wa aji. Malamai, don Allah a gwada ko da zango ɗaya ne.