Wa Ya Fi Zaki Ƙara?

'Yan uwana mata, in na tambaye ku dabbar da ta fi kowace ƙara a duniya, na san za ku ce zaki, tunda ana jin rurinsa daga nisan kilomita 8. To amma in kin ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Gwanayen ƙara na cikin teku.

Sarkinsu shi ne wel mai ƙaton kai. Wel dai siffar kifi gare shi, amma haihuwa yake, yana shayarwa. Ƙarar da wannan yake ƙyastawa takan kai desibel 230 a ma'aunin cikin ruwa. Da ita yake farauta a zurfin da babu haske: ya saki ƙara, ta bugi abin da zai ci ta dawo masa, sai ya san inda yake. Shi kuwa shuɗin wel, wanda ya fi kowace dabba girma, 'yan uwansa na jin kiransa daga ɗaruruwan kilomita, domin sauti ya ninka gudunsa fiye da sau 4 a ruwa.

Kada ki raina allura, ƙarfe ce. Akwai wani jatan lande da bai wuce yatsarki ba. In ya datse hannunsa sai kumfa ta fito ta fashe, tau! Ƙaramin kifin da ke kusa sai ya sume.

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne wel mai doro, wanda kan zo gaɓar Afirka ta Yamma don haihuwa. Mazan ne ke rera waƙa lokacin neman aure, su shafe awanni ba gajiya. Uwa da jaririnta kuwa raɗa suke yi, kamar yadda masana suka gano a Ostireliya a 2017. Ana ganin don kada maƙiyi ya ji su ne.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙugin manyan jiragen ruwa, masu kawo mana atamfa da shinkafa, yana danne waɗannan muryoyi. In raɗar jariri ba ta isa kunnen uwa ba, rabuwa na iya zuwa, kuma jaririn da ya rasa nono a tsakiyar teku da wuya ya rayu. Shi ya sa a wasu tekuna ake sa jirage su rage gudu in sun zo hanyar wel.