Ba Kowane Tari Ne Tarin Fuka Ba

A nan Sakkwato, in tari ya daɗe wa mutum, sai mu ce ƙurar hunturu ce, in ya ƙi tafiya mu ce tarin fuka ne. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma akwai wani ƙari da kan fito a jikin tantanin da ya lulluɓe huhu, wanda wasu likitoci biyu, Klemperer da Rabin, suka bayyana a Amurka cikin 1931. Ba a cika samunsa ba, kuma wajen 8 cikin 10 ba na daji ba ne. Ya fi kama wanda ya haura shekara 40, mace ko namiji.

Halinsa shi ne girma a ɓoye. Wani ya kan yi shekaru ba ya jin kome, sai an ɗauki hoton ƙirjinsa don wata lalura dabam a gan shi. In ya girma ya danne huhu, sai tari, da ciwon ƙirji, da haki.

To, ke ce mai miƙa wa maigida ko tsohuwarki ƙwaryar fura, sai ki dubi hannun da ya karɓa. Wani lokaci kan yatsu kan kumbura, farce ya lanƙwashe kamar bayan cokali. Kaɗan daga cikin masu shi kuma ƙarin kan sa sukarin jininsu ya faɗi, musamman da asuba: mutum ya jiƙe da gumi, ya rikice, har ya suma. Nan da nan sai a ce iska ce, a kawo turare. Haba! A ba shi ruwan sukari in yana iya haɗiya, a nufi asibiti.

A fara da gwajin kaki, don tarin fuka ya fi yawa nesa ba kusa ba, maganinsa kuwa kyauta ne. In kaki bai nuna kome ba, ga kuwa inuwa a hoton ƙirji, kada ki yarda a koma gida haka nan. Ki nemi takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Abin da ya saura shi ne babban hoton nan na CT, sa'an nan a tsakuri ɗan naman a duba.

Maganinsa aiki ne, a fitar da shi ɗungum, galibi kuwa a warke. Amma fa ya kan dawo ko bayan shekara 10, don haka ki adana hotunan a ƙasan akwati, ki riƙa tuna wa mai shi ranar komawa wurin likita.