Lafiyar Garke a Kasafin Kuɗin Ƙasa: Abin da Makiyayi Ke Jira Daga Kowace Ma'aikata

Duk ƙarshen shekara, idan aka fitar da kasafin kuɗin ƙasa a Yamai, masu bin harkar kiwo sukan garzaya shafin ma'aikatar noma da kiwo su ga nawa aka ware wa allurar rigakafi. Dubawar tana da kyau, amma ba ta wadatar ba. Saniyar da ta faɗi a watan Yuni a arewacin Dakoro mai yiwuwa an yi mata allura. Abin da ya kayar da ita shi ne ciyawar da gobara ta cinye a watan Nuwamba, da famfon da ya lalace tun Fabrairu, da dussar da ba ta iso ba sai bayan ruwa ya sauka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙarƙashin wani ofishin minista dabam, da nasa kasafin da nasa lokacin sakin kuɗi.

Dukiyar da ake magana a kanta ba ƙarama ba ce. Ƙidayar noma da dabbobi da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta samu dabbobi kimanin miliyan 31 a Nijar, kuma adadin ya ƙaru sosai tun daga lokacin. Kiwo yana kawo fiye da kashi 10 cikin 100 na arzikin ƙasa. A Maputo a 2003, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafinsu ga noma da kiwo, suka sake jaddada shi a Malabo a 2014. Sai dai alkawarin ya haɗa gona da garke a buhu ɗaya, bai ce ga rabon dabbobi ba. Shi ya sa ya dace a bi ma'aikatun ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aikatar kuɗi: kalandar makiyayi ba ta jira

Shekarar kasafi tana farawa ne a Janairu, kuma kuɗin farko sukan ɗauki makonni kafin su fita daga baitulmali su isa jihohi. Shekarar makiyayi kuwa tana da nata tsari. Ana share hanyoyin tare gobara da zarar ciyawa ta bushe, a Oktoba da Nuwamba. Rigakafi ya fi kama dabbobi da yawa a lokacin ɗari, sa'ad da garkuna suka sauko daga arewa suna cin kara a gonaki, kafin masu tafiya kudu su ƙetara iyaka. Dussar alkama da anguryar auduga sun fi araha bayan kaka, kuma ya kamata su kasance cikin rumbunan Abalak, Bermo da Tanut kafin watan Maris. Buhun da ya iso a Yuli an sayo shi da tsada, ga hanya ta lalace, ga dabbar da aka nufa da shi ta riga ta mutu ko an sayar da ita a wulaƙance.

Shekarar 2010 ta nuna haka ƙarara. Daminar 2009 ba ta bar ciyawa ba, dabbobi suka rame, kuma da ruwan farko mai ƙarfi ya zo, shanu masu yawa sun kasa tashi a yankin Gadabeji da kewaye. An san da gibin ciyawar tun kaka, domin ma'aikatan kiwo suna auna shi kowace shekara bayan damina.

Shawara ta farko ba ta buƙatar ƙarin ko dala: a ware layukan kasafi guda uku, na rigakafi, na abincin dabbobi da na tare gobara, a sa su cikin kuɗin da ake saki da wuri kuma ba a taɓa su idan aka zo rage kasafi. A Oktoban 2023, bayan takunkumi da janyewar masu ba da tallafi, an rage kasafin ƙasa da kusan kashi 40 cikin 100, daga miliyar 3,291 zuwa miliyar 1,981 na sefa. A irin wannan yanayi ana kare albashi da tsaro, sai yankan ya faɗa kan man mota da kuɗin fita daji, wato ainihin abin da ke kai allura ga dabba.

Ma'aikatar noma da kiwo: daga kwalba zuwa wuyan saniya

Kowace shekara gwamnati tana yin rigakafi kyauta kan cututtuka uku: ciwon huhun shanu, annobar tumaki da awaki da ake kira PPR, da ciwon da ke kama numfashin raƙuma. Nijar tana da gata a nan, domin cibiyar LABOCEL da ke Yamai tana haɗa allurai a cikin gida. Amma kuɗin kwalba ƙaramin kaso ne na aikin. Akwai firiji da ƙanƙara, da mota da babur, da shingen ƙarfe da ake kora shanu ciki, da haƙƙin mai yin allurar. Da zarar an dama maganin da ruwansa, cikin ƴan sa'o'i ƙarfinsa yake gushewa a zafin rana. Kasafin da ya sayi kwalabe miliyoyi ya manta da sanyaya su ya yi aikin baban giwa.

Cututtukan biyu na farko ma ba iri ɗaya suke cin kuɗi ba. Allurar ciwon huhu ba ta daɗewa a jiki, sai an maimaita ta duk shekara, saboda haka kuɗinta na dindindin ne kamar albashi. Ta PPR kuwa sau ɗaya ta isa ta kare akuya shekaru, shi ya sa ake tsaga kunne don a gane wadda aka yi wa. Matsalar ita ce garken awaki yana sabuntuwa da sauri: ana haihuwa, ana yanka, ana kai wa kasuwa. Idan aka tsallake shekara biyu, rabin garken bai san allura ba. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da PPR, kamar yadda aka bayyana ƙarshen bushiya a 2011. Wanda zai fi cin ribar hakan ita ce matar karkara mai jajayen awakin Maraɗi uku ko huɗu a bayan ɗaki, waɗanda su ne asusunta na magani da na biki.

Wani wurin da ƙaramin kuɗi ke yin babban aiki shi ne tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya, wanda aka sani da SVPP. An fara gwada shi a farkon shekarun 2000 a yankuna irin su Dakoro: likita ɗaya da shagon magani a babban gari, da mataimaka da aka horar a ƙauyuka da rugage. Gwamnati tana ba su izinin yin rigakafi a madadinta, ta biya su bisa yawan dabbobin da suka yi wa. Idan biyan ya makara, likitan ba ya iya sayen maganin shekara mai zuwa, mataimakansa kuma su koma wata sana'a. Biyan wannan haƙƙi a kan lokaci ya fi arha nesa ba kusa ba a kan ɗaukar ma'aikatan gwamnati da za su maye gurbinsu.

Akwai kuma tambayar da ba a son yi. Shirin PRAPS na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2015 a ƙasashen Sahel shida kuma aka sabunta shi a 2021, ya ɗauki nauyin shingaye da motoci da allurai masu yawa. Shiri yana da ranar ƙarewa. Ya kamata kasafin ƙasa ya nuna, shekara bayan shekara, wane kaso na wannan nauyi yake karɓa.

Ma'aikatar ruwa da muhalli: rijiya da ciyawa

A yankin kiwo, ciyawar da babu ruwa kusa da ita kamar babu ita ne. Dokar kiwo ta 2010 ta tsara tazarar da za a bari tsakanin mashaya, don kada dabbobi su taru wuri guda su cinye ƙasa. Idan tashar ruwa ɗaya ta tsaya a arewacin Tawa, garkunan da ke sha a can sai su koma ta gaba, kuma a irin wannan cunkoso ne ciwon huhu ke yaɗuwa daga hanci zuwa hanci. Kasafi ya fi son gina sabo, domin sabo ake buɗewa da biki. Abin da makiyayi ke nema shi ne layin gyara: kayan famfo a ajiye a jiha, da makaniken da zai iso cikin kwanaki.

Ta fannin muhalli, gobarar daji tana iya cinye abincin wata shida a dare ɗaya, musamman a shekarar da damina ta yi kyau. Aikin share hanyoyin tare wuta yana ba matasan yankin kuɗin hannu, ciyawar da aka share kuma ana iya tara ta don bazara. A kudu kuwa, garmani ya mamaye burtuloli da hurumai da yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, ciyawar da dabba ba ta damu da ita ba. Tumɓuke shi kafin ya zubar da iri, a shuka ciyawa mai amfani a wurinsa, aiki ne na shekaru a jere, don haka kasafin shekara ɗaya ba ya gama shi.

Ma'aikatar cikin gida da ƙananan hukumomi: burtali da kasuwa

Nijar ba ta rasa dokoki ba. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kundin dokokin karkara na 1993 ya kafa hukumomin kula da filaye tun daga ƙauye har zuwa jiha, dokar 2010 kuma ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Abin da ya rage shi ne kuɗin aiki. Hukumar filaye da ba ta da man babur ba za ta je ta ga gonar da ta ci burtali ba. Garken da aka toshe wa hanya yana kwana cikin ƙishi, ko ya faɗa gona a yi rikici, ko ya kauce wa garin da ake rigakafi gaba ɗaya.

Kasuwannin dabbobi irin na Tunfafi, Badagishiri, Sabon Mashi da Kundumawa suna cikin manyan hanyoyin samun kuɗi na ƙananan hukumominsu, domin kowace dabba da aka sayar ana karɓar haraji a kanta. Adalci ne a mayar da wani sanannen kaso na wannan haraji ga kiwo: ruwan sha a kasuwa, wurin keɓe dabba marar lafiya, gyaran shingen rigakafi. Idan aka rubuta kason a allo a bakin kasuwa, mai biya zai san inda jikarsa ta tafi.

Ma'aikatar lafiya: cuta ba ta san ofishi ba

A watan Agustan 2016 zazzaɓin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaraden da Tasara a jihar Tawa, ana dab da taron Cure Salée na Ingal. Dabbobi sun yi ta ɓari, mutum fiye da 20 suka rasu, akasarinsu makiyaya da ke taɓa jini da mahaifar dabba ko shan madara ɗanya. A irin wannan cuta, garke ne ke fara ba da alama. Haka yake ga saifa, da bakale, da haukan kare. Idan malamin asibiti da malamin dabbobi na gari ɗaya suna musayar labari duk mako, kuma akwai ƙaramin asusu na haɗin gwiwa da zai biya motar zuwa ɗaukar samfuri, ana iya tare annoba tun tana ruga ɗaya. Fita tare ma tana rage kuɗi: motar da ta je yi wa shanu allura za ta iya ɗaukar mai yi wa yara rigakafi da mai duba masu ciki.

Kasuwanci, kwastan da harkokin waje

A kowace kasuwar mako akwai mai tebur da ke sayar da maganin tsutsa da na ƙwayoyin cuta a cikin rana, wasu na jabu, wasu sun wuce lokaci. Makiyayi ya biya, dabba ba ta warke ba, ƙwayar cutar kuma ta saba da maganin. Kamawa kaɗai ba ta isa ba muddin magani mai kyau yana da nisa ko tsada. Sauƙaƙa haraji kan magungunan da aka tantance da kan abincin dabbobi a shekarar fari zai taimaka wa shagon likita ya yi gogayya da tebur.

Akasarin dabbobin da Nijar ke fitarwa Najeriya suke zuwa, ta Illela, Jibiya, Mai'aduwa da Maigatari. Takardar yawon kiwo ta ƙasa da ƙasa ta samo asali ne daga shawarar CEDEAO ta 1998, kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025. Benin ma ta hana shigar garkunan waje tun ƙarshen 2019. Duk hanyar da aka rufe tana nufin ƙarin dabbobi a kan ciyawar gida. Yarjejeniya kai tsaye da maƙwabta kan takardar rigakafi da ranakun shiga da fita aiki ne na jami'an diflomasiyya, amma garke ne zai ji sakamakonsa.

Tambayoyin da za a riƙe

Tun 2018 ake tsara kasafin Nijar bisa shirye-shirye, inda kowace ma'aikata ke faɗin abin da za ta cimma da kuɗin da ta nema. Wannan ya ba ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, da zaurukan manoma na jihohi, damar yin tambaya da hujja. Nawa aka rubuta, nawa aka saki, kuma a wane wata? Tan nawa na abincin dabbobi ya isa rumbu kafin Maris? Tashoshin ruwa nawa ke aiki a watan Afrilu? An biya likitocin da suka yi rigakafin bara? Amsoshin suna warwatse a ofisoshi biyar ko shida. Tattara su a takarda ɗaya duk shekara, a karanta ta da Hausa, Fulatanci da Tamashek a gidajen rediyon karkara kafin a zauna tsara kasafi na gaba, shi ne matakin da za a iya ɗauka tun bana.